Yadda ake zama lauyan da ke tsayawa gaban alƙali a Kano

Lauyoyi iri-iri ne. Wani aikinsa rubuta yarjejeniya da rajistar kamfani, wani yana banki ko ma'aikata yana ba da shawara, wani kuma kullum da safe yana kotu, ya gabatar da shaidunsa, ya titsiye na abokin hamayya. A Najeriya takardarsu ɗaya ce, domin duk wanda aka rantsar ya sami izinin aikin ofis da na kotu a haɗe. Abin da ke raba su shi ne yadda kowa ya yi da shekarunsa na farko. Wannan bayani na mai son aikin kotu ne, kuma a Kano, inda lauya kan yi aiki da tsarin shari'a biyu da harshe biyu a wuni guda: da safe yana Babbar Kotu a Sakatariyar Audu Baƙo yana magana da Turanci, kafin azahar yana Ƙofar Kudu gaban alƙalin Musulunci yana kafa hujja da Hausa da Larabci.

Daga sakandare zuwa digiri

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma jami'o'i da yawa suna neman Lissafi. Adabin Turanci ne ke kayar da yaranmu. Makarantu da dama ba su da malaminsa, yaro sai ya zo cike fom ɗin JAMB sannan ya ji cewa ba a shiga fannin lauya sai da shi, shekara guda ta tafi a banza. Iyaye su bincika wannan tun yaro yana aji huɗu na sakandare.

Wanda ya shiga ta JAMB zai yi shekara 5. Wanda ya shiga kai tsaye da difloma ko wani digiri zai yi 4. Da yawa a Kano sukan fara da diflomar Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Shari'a da Addinin Musulunci, wadda aka fi sani da Legal. Hanya ce mai kyau, amma a sani difloma ba ta mai da mutum lauya, matakala ce zuwa digiri.

Kafin a biya kuɗin kowace jami'a, a tabbatar da abu biyu. Na farko, Majalisar Ilimin Lauyoyi ta amince da tsangayar shari'ar wannan jami'a, amincewar hukumar jami'o'i kaɗai ba ta isa ba. Na biyu, kowace tsangaya tana da adadin ɗaliban da aka yanka mata ta tura Makarantar Lauyoyi duk shekara. Jami'ar da ta kwashi ɗalibai fiye da kasonta, ɗalibanta ne za su zauna a gida suna jiran layi bayan sun gama. Digirin da aka yi a karatun wucin gadi na yamma ko na ƙarshen mako kuwa Majalisar ba ta karɓarsa.

Jami'ar Bayero tana koyar da dokar da aka gada daga Ingila tare da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. Ga mai niyyar aiki a Kano wannan haɗin ya fi komai amfani, kuma wanda ya zo da Larabcinsa daga makarantar zaure ko Islamiyya ya riƙe shi da kyau, kada Turancin jami'a ya sa ya yar da shi. A cikin darussa, dokar shaida ita ce uwa ga lauyan kotu. Ɗalibi ya sayi Dokar Shaida ta 2011 da Kundin Tsarin Mulki na 1999 nasa na kansa, ya karanta sassan da idonsa, kada ya tsaya kan taƙaitawar malami. Lokacin hutu kuma ya tafi kotu. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, ba a neman izini. Ya je kotunan majistare na Nomansland ko Babbar Kotu ta titin Miller, ya zauna a baya da littafinsa, ya bi shari'a ɗaya daga zama zuwa zama har hukunci.

Makarantar Lauyoyi

An kafa ta a 1962. Hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a Legas, Enugu, Yola, Yenagoa, Fatakwal, da namu na Kano a Bagauda. Ba lallai a tura Bakano Bagauda ba, a shirya wa tafiya ko'ina. Karatun kimanin shekara guda ne, darussa biyar: shari'ar da ba ta laifi ba, shari'ar laifi, harkar filaye da kadarori, harkar kamfanoni, sai ɗa'ar aiki da dabarunsa. Ana ɗaukar sunan masu halarta, kuma wanda bai cika ƙa'ida ba ba ya zana jarrabawa. Akwai liyafar cin abinci uku da dole a halarta cikin shigar da aka tsara.

A tsakiyar shekara ana tura ɗalibai kotu, sannan ofishin lauya, su rubuta abin da suka gani a littafin da za a tambaye su a kansa. Wasu sukan mai da wannan lokaci hutu, su kwafi littafin aboki. Wanda ke son aikin kotu, a nan ne zai fara ganin yadda ake shigar da takarda a rajista, yadda ake ƙiyasta kuɗinta, da yadda ake kai sammaci. Sau da yawa ma ofishin da ya zauna shi zai ɗauke shi aiki daga baya.

Wanda ya ci jarrabawa, majalisar dattawan lauyoyi ce ke rantsar da shi, bayan biyu daga cikinsu sun sa masa hannu a fom cewa mutumin kirki ne. Daga nan ya sa sunansa a kundin lauyoyi na Kotun Ƙoli. Sunan da ke cikin kundin nan shi ne zai riƙa sa hannu da shi har ya bar aiki, don haka a gyara duk wani saɓanin suna tsakanin takardun makaranta tun kafin ranar. 'Yan mata su kwantar da hankali kan hijabi: tun 2018 aka amince a rantsar da mace da hijabinta. Sai bautar ƙasa ga wanda bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama digiri.

Zaɓen maigida

Doka ba ta hana sabon lauya buɗe ofishinsa washegari ba. Hankali ne ya hana. Aikin kotu kamar ɗinki ne, sai an zauna gefen tela an ga yadda yake yanka kafin a ba mutum almakashi. A nemi ofishin da ake zuwa kotu kullum, kuma maigidan yana barin yaransa su miƙe su yi magana. Tambayar da za a yi wa ƙananan lauyoyin ofishin kafin a shiga ita ce: bayan wata nawa aka bar ka ka gabatar da shaida kai kaɗai? Ofishin da yaro zai shekara uku yana ɗaukar jaka da neman ɗage zama, ko da albashinsa ya fi, ba zai fitar da lauyan kotu ba. Ma'aikatar Shari'a ta jiha da Hukumar Ba da Agajin Lauya wurare ne da matashi kan riƙe shari'ar laifi da wuri, saboda fayil ya fi ma'aikata yawa.

Albashin farko kaɗan ne, gaskiyar magana ke nan, kuma ya kamata iyaye su san haka don kada su ɗora wa yaro nauyin gida ranar da ya sa hular lauya. Duk shekara akwai kuɗin izinin aiki da ake biya kafin ƙarshen Maris, da kuɗin reshen ƙungiyar lauyoyi, Kano ko Ungogo, da hatimin ƙungiya da ake manna wa kowace takarda. Kuma lauya ya sa hannu da sunansa, ba da sunan ofis ba. A shari'ar Okafor da Nweke a 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi ba takarda ba ce. Shari'o'in da aka shekara ana bugawa sun rushe a kan wannan kaɗai.

Kafin a shigar da ƙara

Mafi yawan shari'o'in da ake asara, tun a ofis ake asararsu, alƙali bai ma ji gaskiyar lamarin ba. Tambayar farko ita ce hurumi: wace kotu ce doka ta ba ikon jin wannan magana? Rikicin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki na Kotun Ma'aikata ne. Abin da sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki ya lissafa, irin su kwastan, harajin tarayya da tafiyar da kamfanoni, na Babbar Kotun Tarayya ne da ke Gyaɗi-Gyaɗi. Filin da ke cikin birni mai takardar mallaka ta gwamna, Babbar Kotun jiha. Maganar hurumi ana iya tayar da ita a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, kuma in ta tabbata duk abin da aka yi ya zama ba a yi ba.

Ta biyu, lokaci. Ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aiki wata uku gare ta, in ban da 'yan togaciya. Ƙorafin zaɓe kwana 21 daga bayyana sakamako, ba a ƙara ko yini. Ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu: kwana 14 kan hukuncin tsakiyar shari'a, wata uku kan hukuncin ƙarshe, kwana 90 in shari'ar laifi ce. Wasu hukumomi kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Ranar da mai ƙara ya fara zama a ofishinka, lissafa ranar da ƙofa za ta rufe, ka rubuta ta a bangon fayil.

Ta uku, sammaci. Sai wanda ake ƙara ya sami takarda ta hanyar da doka ta tsara, kuma shaidar kai ta tana cikin fayil ɗin kotu. In yana wata jiha, ɗan kasuwar Kwari ne ke bin wani bashi a Legas misali, akwai rubutun da Dokar Sammaci ta ce a yi a jikin takardar, kuma a ba shi aƙalla kwana 30. Kada ka dogara da cewa ai ya ji labari.

Shaidu da takardu

A Babbar Kotu yanzu komai a gaba ake zuba shi: bayanin ƙara, sunayen shaidu, rubutacciyar shaidar kowannensu bisa rantsuwa, da kwafin takardun da za a dogara da su. Abin da ba ka rubuta a bayanin ƙara ba, ko shaida ya faɗe shi a kotu ba a lissafa shi. Saboda haka zaman farko da mai ƙara ya zama dogo. Mutanenmu sukan fara labari daga tsakiya, su tsallake abin da suke jin kunyarsa, su ce "ai amana ce tsakaninmu" in an tambayi takarda. A Singa da Dawanau ana cinikin miliyoyi da baki da waya. Tambayi wa ke wurin, wane dillali, wane direba ya ɗauki kaya, ta wane banki kuɗi ya bi, akwai saƙon murya ko babu. Ka tambaye shi kuma abin da ɗaya ɓangaren zai faɗa a kansa, gara ka ji shi a ofis.

Rubutacciyar shaida a gaban jami'in rantsuwa na kotu ake sa mata hannu. Lauyan hamayya mai wayo tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, a ina ka sa hannu a wannan takarda?" In shaida ya ce a ofishin lauyana, shaidar tana iya faɗuwa gaba ɗaya. In shaidan ba ya jin Turanci, a rubuta bayaninsa da Hausa, a fassara, a nuna a jikin takardar wanda ya karanta masa ya fassara kuma ya fahimta kafin ya dangwala. Haka takardar cinikin gida da mai unguwa ya rubuta da Hausa ko ajami: harshen Babbar Kotu Turanci ne, ko alƙalin Bahaushe ne ba zai fassara wa kansa ba. Kai za ka kawo fassarar ta bakin wanda zai tsaya a yi masa tambayoyi.

Takardar hukuma, in ba asalinta ba ce, sai kwafin da aka tabbatar: an biya kuɗi, jami'in ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ya sa hannu da kwanan wata. Duk abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, bayanin asusun banki, hirar WhatsApp, hoton bidiyo, sashe na 84 na Dokar Shaida ya shafe shi, sai an yi bayanin na'urar da ta fitar da shi da cewa tana aiki daidai. Bayan an karɓi takarda ma aiki bai ƙare ba. Dole shaida ya nuna wa kotu wane shafi ne ke tabbatar da wace magana. Alƙali ba zai koma ofishinsa ya tono maka hujja daga tulin takardu ba.

In kana gabatar da naka shaidan, ba ka sa masa amsa a baki. In kana yi wa na hamayya tambayoyin ƙure, a nan ne aka yarda ka sa, kuma haka ya kamata: gajeriyar tambaya, magana ɗaya, amsar e ko a'a. Rubuta tun a gida abu biyu ko uku da kake son fitarwa daga bakinsa don jawabinka na ƙarshe. In ka same su, zauna. Matasa da yawa sukan sami amsar da suke so, daɗi ya ɗebe su su ƙara da "to me ya sa?", shaida ya sami ƙofar gyara duk abin da ya ɓata. Akasin haka ma kuskure ne: maganar da shaida ya faɗa mai cutar da kai, in ba ka ƙalubalance ta ba, kotu za ta ɗauka ka yarda. Ka kuma kasa kunne ga tafinta. Kai kana jin harsunan biyu, in ya mai da jinginar gona sayarwa, miƙe nan take cikin ladabi a gyara kafin alƙali ya rubuta. Kotun ɗaukaka ƙara abin da ke rubuce kawai take gani.

Shari'ar laifi

A nan ana aiki da Penal Code, wato kundin laifuffuka da hukuncinsu, da dokar tafiyar da shari'ar laifi ta Jihar Kano ta 2019, ko ta tarayya ta 2015 in a kotun tarayya ne. 'Yan sanda kan kawo mutum gaban majistare da rahoton farko. In laifin kisa ne ko fashi da makami, majistare ba shi da hurumin yanke shi, sai ya tura mutum gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. A nan mutane ke daɗewa. Aikin lauya ya bi fayil daga hannun ɗan sanda mai bincike zuwa ma'aikatar da ƙafarsa, ya kuma nemi beli a Babbar Kotu.

Yawancin shari'o'in laifi a kan takardar amsa laifi suke tsayawa. Lokacin suka shi ne daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa ta, in ta shige ta shige. Kuma ka san abin da kake cewa. In wanda kake karewa ya ce dukansa aka yi ya sa hannu, za a tsaya a yi ƙaramar shari'a kan wannan. In cewa ya yi bai taɓa yin bayanin ba, za a karɓi takardar a auna nauyinta a ƙarshe. In da Hausa ya yi magana wani ya fassara wa mai rubutu, sai an kira wannan tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ji-ta-ji-ta ce.

Gaban alƙalin Musulunci

Lauyan da ya raina kotunan nan ya rufe wa kansa rabin aikin Kano, domin aure, saki, riƙon yara, gado da bashin talakawa a nan suke. Dokar Shaida ba ta aiki a shari'o'in da ba na laifi ba a waɗannan kotuna. Fiƙihun Malikiyya ne, kuma alƙalai da littattafan Risala da Mukhtasar da Tuhfa suke aiki. Ka zo da nassinka, ka ce "Allah ya gafarta Malam", ka karanto shi daidai.

Wanda ya kawo ƙara ba lallai shi ne mudda'i, wato mai da'awa, ba. Alƙali ne ke duba wanda maganarsa ta saɓa wa asali, a kansa hujja take, wanda ya musa kuma rantsuwa. A harkar dukiya ana karɓar maza biyu, ko namiji da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa. Sukar shaida tana da ƙofofinta: kusancin jini, ƙiyayya, ko amfanin da zai samu in an ci. Wanda ya ga wani bare yana riƙe da gidansa ko gonarsa shekara 10, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, hauzi ya kama shi, wato ba za a ƙara sauraron da'awarsa a kai ba. A rikicin gado, kafin a yi maganar kaso a tantance abin da mamaci ya bari, a fitar da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Ɗan da ya ce "Baba ya ba ni gidan nan kyauta" sai ya nuna ya karɓe shi a hannunsa tun mahaifin yana da rai da lafiya. Kafin hukunci kuma dole a yi i'izari, a tambayi ɓangarori ko akwai sauran hujja. Duba kwafin shari'a, in babu shi, ka sami dalilin ɗaukaka ƙara.

Wurin ɗaukakawa ma ana ɓata. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci huruminta abin da sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya lissafa ne: aure, nasaba, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rikicin cinikin fili ko bashi zalla, ko da duka ɓangarorin Musulmi ne, Babbar Kotu ake kai shi.

Kuɗi da abin da ke gaba

Yi yarjejeniyar kuɗin aiki a rubuce, ko da ɗan'uwa ne ya kawo mutumin. Kuɗin da ka karɓo wa wanda kake wakilta, na diyya ko na cinikin gida, asusunsa daban, kada ya kwana a naka. Taɓa irin wannan kuɗi na cikin manyan dalilan da kwamitin ladabtarwa ke soke sunan lauya. Kada ka yi wa kowa alkawarin nasara, kada ka karɓi ko sisi da sunan za a kai wa alƙali, kada ka tsaya ƙofar kotu ko caji ofis kana farautar masu neman beli. Ƙa'idar aiki ta wajabta maka gaya wa mai ƙara cewa akwai hanyar sulhu, kuma a rikicin 'yan'uwa ko abokan kasuwanci sau da yawa ita ta fi masa, ko da kuɗinka zai ragu.

Bayan shekara 10 da rantsuwa lauya ya cancanci a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, 12 Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 Kotun Ƙoli. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta yi alƙalanci a Babbar Kotun Kano, ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012. Lambar SAN, wato ta babban lauyan Najeriya, da aka fara bayarwa a 1975, ita ma sai bayan shekara 10, kuma kwamitin da ke bayar da ita yana ƙirga hukunce-hukuncen da lauya ya tsaya da kansa a Babbar Kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli. Saboda haka tun daga shari'arka ta farko, tabbatar magatakarda da alƙali sun rubuta sunanka daidai a duk zaman da ka yi magana, kuma duk ranar da aka yanke hukunci ka nemi tabbataccen kwafinsa a makon, ka ajiye a fayil na daban.